An Dafa, Amma Ya Dahu? Darasin Awo Daga Yaƙin Shan Inna

A ranar 25 ga Agusta, 2020, hukumar da aka ɗora wa alhakin tantance cutar shan inna a Afirka ta bayyana cewa an kawar da ƙwayar cutar ta asali daga nahiyar baki ɗaya. Nijeriya ce ƙasa ta ƙarshe da aka jira, a cikin Nijeriya kuma Arewa aka jira. An yi murna, an yi jawabai, an yaba wa sarakuna da malamai da ma'aikatan lafiya, kuma duk sun cancanci yabon. Sai dai akwai wani ɓangare na labarin da ba a cika waiwayarsa ba, alhali shi ne ya fi shafar duk wanda ke riƙe da wani aiki na jama'a ko na kasuwanci, wato yadda aka riƙa auna nasarar yaƙin. Shekara da shekaru takardu suna cewa an gama, cuta tana cewa da saura. Al'amura ba su daidaita ba sai da aka sauya abin da ake ƙirgawa, aka kuma sauya mai ƙirgar.

Tambayar nan ta “da me za mu gane mun ci nasara” ita ce ke cin manyan kamfanonin fasaha kuɗi masu yawa a wannan zamani. Kusan kowace manhaja da ke cikin wayar mai karatu tana da jami'in da ke kula da ita a matsayin haja. Shi ke yanke abin da za a ƙara mata, da abin da za a cire, da ma'aunin da za a duba a ce ta karɓu. Ƙwararrun wannan fage sun daɗe da gane cewa zaɓen ma'auni ya fi tattara alƙaluma wuya, domin ma'aikaci abin da shugaba ke ƙirgawa yake bi, ko da ya saɓa wa abin da shugaban ke faɗa a jawabi. Mu a nan ba sai mun je Amurka neman misali ba. An yi wannan gwaji a ƙofar gidajenmu, a Kano da Katsina da Sakkwato, a garuruwa irin su Kankiya da Kusada da ƙauyuka irin su Tafashiya, kuma da ƙafafun yaranmu aka biya farashin darasin.

Harshenmu ya riga rahotannin ofis rarrabe abubuwa biyun da suke yawan cakuɗawa. Tun daga rabe-raben aikatau na Hausa da F. W. Parsons ya yi a 1960, masu nazarin nahawu sun san wani aji na bakwai, wanda ke ƙarewa da wasalin “u”, yake kuma nuna cewa aikin da aka yi ya kama abin da aka yi wa shi. Ana dafa abinci, amma sai ya dahu ake ci. Ana gyara mota, amma sai ta gyaru ake hawa. Ana gina ɗaki ya ƙi ginuwa, ana koyar da yaro karatu ya ƙi koyuwa. Na farko labarin mai aiki ne, na biyu labarin wanda aka yi aikin dominsa. Yawancin rahotannin da ke isa teburin gwamnoni da manajoji labarin mai aiki ne kawai: an raba, an horar, an ƙaddamar, an ɗiga. Abin da talaka ke jira kuwa yana cikin aji na bakwai.

Mudun farko: ƙidayar ɗigo

Bari mu ɗauki mazaɓa guda a tsakiyar jihar Katsina, mu ga yadda aka saba auna zagayen rigakafi a shekarun farko. Ayari kan fita da sassafe, galibi mata, ɗauke da akwatin sanyi da alli da takardar ƙidaya. Duk yaro ɗan ƙasa da shekara biyar da aka ɗiga wa magani, sai a ja layi a takarda. Da yamma takardu su taru a hannun jami'in mazaɓa, daga nan su wuce hedikwatar ƙaramar hukuma a Kankiya ko Kusada, su nufi Katsina, su ƙarasa Abuja. A can sai a ɗauki jimillar layukan a raba da adadin yaran da ake kyautata zaton suna yankin, a fitar da kaso. Idan kaso ya haura 90 cikin 100, an ce zagaye ya yi kyau.

Wannan mudu yana da huji biyu, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Hujin sama shi ne, wanda ake auna aikinsa shi ne ke cika takardar awon. Matar da ta yini a rana tana yawo gida-gida kan ɗan alawus, aka kuma nuna mata cewa za a tuhume ta idan layukanta suka gaza, ba ta buƙatar zama maƙaryaciya kafin alƙalaminta ya yi sauri. Rahotannin masu sa ido sun sha ambaton ayarin da ke zubar da magani su cika takarda a gindin bishiya. Hujin ƙasa kuwa shi ne adadin da ake rabawa da shi, wanda hasashe ne daga ƙidayar jama'a ta 1991, daga baya ta 2006. Shi ya sa aka riƙa ganin ƙananan hukumomin da suka kai rahoton cewa sun yi wa fiye da kashi 100 cikin 100 na yaransu rigakafi. Maimakon wannan ya tayar da hankali, sau da yawa tafi aka yi.

Ita kuwa ƙwayar cuta ba ta karanta rahoto. Gaskiya ne cewa dakatar da rigakafin da aka yi a Kano da wasu jihohi daga 2003 zuwa tsakiyar 2004 ya mayar da hannun agogo baya. To amma bayan an dawo da aiki, ana ta zagaye a kai a kai, takardu suna ta kyau, sai ga shi a 2006 an samu yara 1,122 da cutar ta shanye a Nijeriya, a 2008 kuma 798. Bayan adadin ya faɗo zuwa 21 a 2010, har wasu sun fara shirin biki, sai ya sake tashi zuwa 62 a 2011, ya kai 122 a 2012, kuma Katsina na cikin jihohin da abin ya fi tsanani a wannan shekara. Ramin ƙarya ƙurarre ne, in ji Hausawa. Idan da gaske ana kaiwa ga yara tara cikin kowane goma a kowane zagaye, ba yadda za a yi cutar ta ci gaba da samun wurin zama.

Wannan matsala ba ta Bahaushe ba ce, ta ɗan Adam ce. A 1975 wani masanin tattalin arziki na Babban Bankin Ingila, Charles Goodhart, ya lura cewa duk alamar da hukuma ta mayar abin dogaro wajen juya al'amura, to ta kama hanyar lalacewa. Kafin shi, a 1902, Turawan Faransa da ke mulkin birnin Hanoi sun sa lada kan kowace wutsiyar ɓera da aka kawo, sai aka wayi gari ana ganin ɓeraye marasa wutsiya suna yawo a gari, wasu mutane ma sun shiga kiwon ɓeraye. A 2016 hukumomin Amurka suka ci bankin Wells Fargo tarar dala miliyan 185, bayan ta bayyana cewa ma'aikatansa sun buɗe asusu kusan miliyan 2 ba da sanin masu sunayen ba, don kawai su cika adadin da aka ɗora musu. Bankin ya kori ma'aikata 5,300 kan wannan batu. A duka ukun, an samu abin da aka ƙirga, an rasa abin da ake nema.

Yadda aka sauya mudu

Gyaran farko da aka yi a yaƙin shan inna shi ne shafa wa yaro tawada a ɗan ƙaramin yatsansa na hagu, a kuma yi alama da alli a bangon gida, ta yadda mai sa ido zai biyo baya ya duba da idonsa. Wannan ci gaba ne, amma shi ma bai daɗe ba aka gano lagonsa. Maigidan da ba ya son magani, da ayarin da ba ya son rigima, sai su haɗu a tsakiya: a shafa tawada, a bar ɗigo. Yatsa ya yi shuɗi, ciki babu komai. Su ma masu sa idon, da yake sau da yawa 'yan yankin ne, kuma sun fi bin gidajen bakin hanya, sakamakonsu ya riƙa yin kyau fiye da kima.

Babban sauyi ya zo ne da wata dabara da aka aro daga masana'antu, wadda ake kira LQAS a taƙaice. Asalinta aikin wasu masana lissafi ne biyu, Dodge da Romig, a ɗakunan bincike na kamfanin Bell a shekarun 1920, inda ake son sanin ko kayan da aka ƙera sun yi inganci ba tare da an buɗe kowane kwali ba. Duk wanda ya taɓa ganin dillalin hatsi ya soka ƙarfe a buhu ya zaro 'yan ƙwayoyi ya duba, ya san hikimar. An fara gwada ta a Nijeriya a 2009, ta zauna daram daga 2012. Bayan an gama zagaye, sai wasu mutane dabam, waɗanda ba su da hannu a aikin, su zaɓi unguwanni ko ƙauyuka shida a ƙaramar hukuma ta hanyar ƙuri'a, su duba yara goma a kowanne, jimilla 60. Idan waɗanda aka tsallake ba su wuce uku ba, ƙaramar hukuma ta haye. Idan sun wuce, ba ta kai matakin da ake nema ba, inda abin ya yi muni kuma sai a koma a sake. A lura da abubuwa uku a nan: ba mai aikin ne ya auna ba, ba shi ya zaɓi inda za a auna ba, kuma abin da ake nema shi ne yaron da aka tsallake. Da aka fara wannan awo, ƙananan hukumomi da dama da takardunsu ke ƙyalli suka faɗi warwas.

Sauyi na biyu ya shafi hujin ƙasa, wato sanin su wa ya kamata a kai wa. A da, taswirar da ayari ke bi da hannu ake zana ta, bisa abin da jami'in mazaɓa ya tuna. Ƙauyen da ya manta, ko rugar da ta sauka bayan damina, ko 'yan gidajen da ke kan iyakar ƙananan hukumomi biyu, kamar tsakanin Kankiya da Kusada, inda kowane ɓangare kan iya ɗauka cewa na ɗayan ne, duk ba su cikin lissafi. Wanda ba ya cikin lissafi kuwa ba ya rage wa kowa kaso. Daga 2012 aka fara zana taswira daga hotunan tauraron ɗan Adam, aka kuma riƙa ba ayari wayoyin da ke nuna sawunsu, aikin da ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano ta taka rawa a ciki. Da yamma sai a ɗora sawun a kan taswira, a ga unguwar da aka shiga da wadda aka kewaye. Ta haka aka gano matsugunai da yawa da babu su a taswirar kowa. Wayar ba ta tabbatar da cewa an ɗiga magani, amma tana tabbatar da cewa ba a je ba, idan ba a je ba.

Sauyi na uku, wanda a ganina ya fi kowanne hikima, shi ne ma'aunin da ke saka wa mai kawo mummunan labari. Ƙwayar shan inna ba ta shanye sai kusan yaro ɗaya cikin kowane 200 da ta kama, sauran suna yaɗa ta ba tare da an sani ba. Saboda haka rashin rahoton cuta ba hujja ba ce ta rashin cuta. Sai masana suka yi la'akari da cewa akwai wasu cututtuka dabam da ke sa gaɓoɓin yaro su saki farat ɗaya, kuma waɗannan ba sa ƙarewa. Aka ce to, duk yankin da ke sa ido da gaske dole ne ya riƙa gano aƙalla yara biyu masu irin wannan larura cikin kowane yara 100,000 'yan ƙasa da shekara 15 a shekara, ya kuma aika samfurin bayan gidansu sau biyu cikin kwana 14 zuwa ɗakunan gwaji na Ibadan ko Maiduguri. Jami'in da ya kawo rahoton cewa babu ko ɗaya a yankinsa, shi ne abin tuhuma. Bugu da ƙari, daga 2011 aka fara ɗibar ruwan magudanai a Kano ana gwadawa, domin kwata ba ta tsoron shugaban ƙaramar hukuma, ba ta kuma jiran alawus.

Akwai kuma wani ɗan gurbi a takardar ƙidaya da ya yi tasiri fiye da girmansa, wato gurbin dalili. Ba a tsaya ga cewa an tsallake yaro ba, sai an rubuta me ya sa: ba ya gida ne, ko an hana, ko ayarin ne bai zo ba. Kowane dalili da maganinsa. Yaron da ya tafi gona ko kasuwa ko gidan suna, sai a bi shi can. Inda aka hana, sai aka tarar ba kowa ne ke zargin maganin ba. Da yawa tambayarsu ita ce, me ya sa ake bin su har gida da maganin cutar da ba su taɓa gani ba, alhali zazzaɓin cizon sauro na kashe musu yara, asibiti kuma babu magani? Daga wannan fahimta aka ƙarfafa sansanonin duba marasa lafiya a lokacin zagaye, aka ɗauki mata 'yan unguwa masu wayar da kai, aka kuma jingina da kwamitin sarakunan Arewa da aka kafa a 2009 bisa jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar. Dukkan waɗannan alƙaluma suna haɗuwa a cibiyar ayyukan gaggawa da aka buɗe a Abuja a 2012, da rassanta a jihohi irin su Kano da Katsina, inda ake yanke hukunci a kansu cikin kwanaki. Ba awo kaɗai ya yi aikin ba, domin an inganta magungunan ma, an kuma yi asarar rayuka, ciki har da ma'aikatan rigakafi tara da aka harbe a Kano a Fabrairun 2013. Amma awo ne ya nuna inda za a kai ƙarfin. Adadin ya sauko zuwa 53 a 2013, ya koma 6 a 2014, na ƙarshensu a ƙaramar hukumar Sumaila ta jihar Kano a watan Yuli.

Inda mudu mai kyau ma ya gaza

A Satumban 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire Nijeriya daga jerin ƙasashen da cutar ta yi kaka-gida. Ba a cika shekara ba, a Agustan 2016, sai ga ta a Borno, inda ta shanye yara huɗu. Gwajin ƙwayar ya nuna dangin wadda aka gani a can ce tun 2011, wato ta shekara biyar tana yawo ba a gani ba, a yankunan da rikicin Boko Haram ya hana shiga. Alƙaluman jiha sun yi kyau ne domin daga inda ake iya zuwa aka tattaro su. Wannan darasi ya shafi Katsina kai tsaye. A shekarun da hare-haren 'yan bindiga suka yi ƙamari a Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari, duk rahoton da ya ba da kaso guda na jiha ba tare da ya faɗi ƙauyuka nawa ne ba a shiga ba, ya ɓoye abin da ya fi muhimmanci. Matsakaicin lissafi ɗabi'arsa ke nan, yana haɗa mai ƙoshi da mai yunwa ya ce kowa ya ci rabin tuwo.

Gazawa ta biyu ta fi ciwo. Da yake hankali da kuɗi da tuhuma duk sun tattaru a kan ma'auni guda, wato shan inna, sai rigakafin yau da kullum na asibiti ya zama maraya. Binciken gida-gida na ƙasa da aka yi a 2016 zuwa 2017 ya nuna kashi 33 cikin 100 ne kacal na yaran Nijeriya suka samu allura ta uku ta rigakafin cututtuka biyar, wadda ake yi a mako na 6 da na 10 da na 14. A jihar Sakkwato kashi 3 ne. Rahotannin asibitoci kuwa suna nuna adadin da ya ninka wannan. Dole ta sa a 2017 aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan rigakafin yau da kullum. Sakamakon wannan giɓi ya biyo baya. Annobar mashaƙo da ta ɓarke daga ƙarshen 2022, wadda Kano ta fi kowace jiha jin jiki, cuta ce da allurar nan ke karewa. Haka nan wani nau'in shan inna da ke ɓulla idan raunanniyar ƙwayar da ke cikin maganin ɗigo ta daɗe tana yawo tsakanin yaran da ba a yi wa rigakafi ba har ta sake yin ƙarfi, ya shanye yara sama da 400 a 2021. Inda yara suka samu cikakken rigakafi ba ya samun wurin yawo. A 2023 kiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ya sa Nijeriya a gaban kowace ƙasa wajen yawan yaran da ba su samu ko allurar farko ba, sama da miliyan 2. Andy Grove, wanda ya shugabanci kamfanin Intel, ya ba da shawara tun 1983 cewa kada a bar ma'auni ya tafi shi kaɗai, a haɗa shi da wani da zai nuna ɓarnar da bin na farkon ke iya jawowa. Da an haɗa ƙidayar shan inna da ta rigakafin asibiti tun farko, aka tuhumi shugabanni a kan duka biyun, da labarin ya sha bamban.

Daga ɗigo zuwa manhaja

Kada mai karatu ya ɗauka wannan magana ta likitoci ce kawai. A ranar 25 ga Oktoba, 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da eNaira, kuɗin intanet na Babban Bankin Nijeriya, irinsa na farko a Afirka. A makonnin farko abin da aka fi yayatawa shi ne yawan waɗanda suka sauke manhajar a wayoyinsu. Sai a 2023 wani nazari na Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya nuna cewa a kowane mako, kashi 98.5 cikin 100 na asusun da aka buɗe ba a taɓa su ko sau ɗaya ba. Sauke manhaja daidai yake da tawada a yatsa. Abin da ya kamata a tambaya shi ne, mutum nawa ne suka dawo suka biya kuɗin cefane da ita a mako na biyu da na goma. Masu wannan sana'a suna kiran irin alƙaluman farko da sunan da za a iya fassarawa da alƙaluman burga, masu daɗin faɗa a taron manema labarai, marasa amfani wajen yanke shawara. Ko kamfanin YouTube a 2012 ya rage dogaro da yawan latsa bidiyo ya koma auna tsawon lokacin kallo, bayan ya ga cewa ƙidayar latsawa tana saka wa masu kanun yaudara.

To, ina jihohinmu da ƙananan hukumominmu suka tsaya? Duk wanda ke sauraron bayanan cika kwana ɗari ko cika shekara ya san amshin: azuzuwa kaza aka gina, rijiyoyin burtsatse kaza aka haƙa, buhunan taki kaza aka raba, matasa kaza aka horar. Waɗannan alƙaluma suna da amfaninsu wajen bin sawun kuɗi, amma ƙidayar ɗigo ce. Idan aka haƙa rijiya a Tafashiya, abin da ya dami matan garin shi ne ko tana ba da ruwa bayan shekara biyu. Idan aka gina aji a Kusada, abin da ya dami uba shi ne ko ɗansa na aji huɗu zai iya karanta wasiƙa da Hausa. Idan aka horar da matashi ɗinki a Kankiya, sai a koma bayan wata shida a ga keken na aiki ko an sayar. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar na'ura mai tsada. Yara 60 aka riƙa dubawa a ƙaramar hukuma guda, kuma jihar Katsina ƙananan hukumomi 34 gare ta. Jami'o'i da kwalejojin da ke jihar suna da malamai da ɗaliban da za su iya wannan aiki cikin mako guda, muddin ba ma'aikatar da ake aunawa ce za ta zaɓe su ko ta zaɓa musu ƙauyukan ba.

Wani zai ce tsananta awo shi ne ke haifar da ƙarya tun farko, kuma yana da gaskiya. Idan sakamakon faɗin gaskiya kora ce, babu wanda zai faɗe ta. Amsar ita ce a bambance tsakanin wanda ya gaza ya faɗa, da wanda ya gaza ya ɓoye. Na farko taimako yake buƙata, ƙarin ma'aikata ko abin hawa ko rakiyar mai unguwa. Na biyu shi ya cancanci hukunci. Shugaban da ke fushi da mai kawo masa mummunan labari, da hannunsa yake horar da ma'aikatansa su yaudare shi. Haka kuma babu ma'aunin da zai dawwama. An ga yadda layin takarda ya lalace, tawada ta biyo shi, don haka wajibi ne a riƙa sake duba mudun kansa lokaci zuwa lokaci, kamar yadda hukumar kasuwa ke bin 'yan awo tana duba ko an buga gindin kwano.

Shawarata ga kwamishina da manajan kamfani da ɗan majalisa da ɗan jarida ita ce, duk sa'ad da aka miƙo musu kaso mai daɗin ji, su yi tambaya huɗu kafin su sa hannu ko su buga. Wa ya ƙirga, kuma me zai samu idan adadin ya yi yawa? Cikin nawa, kuma daga ina aka samo wannan adadin? Su wa aka tsallake, a ina suke, me ya sa? Sannan, me aka yi sakaci da shi garin neman wannan adadi? Rahoton da ya kasa amsa waɗannan labarin mai dafuwa ne, bai ce komai kan abincin ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Arewa ta riga ta nuna wa duniya cewa za ta iya auna kanta da gaskiya idan ta ga dama, saura ta ɗauki wannan mudu ta kai shi makaranta da gona da asibiti da kasuwa. Allah Ya ba shugabanninmu juriyar jin gaskiya, Ya ba ma'aikatanmu ƙarfin halin faɗinta.